Rariya: Tsokaci a Kan Horo, Haƙuri da Naci a Filin Ƙwallo

Yana ɗan shekara 14 aka raɗa masa suna na biyu. Na farkon an raɗa shi ne da rago da goro da addu'ar malamai. Na biyun kuwa a filin wata makarantar firamare aka yi shi, cikin birnin Kano, da la'asar sakaliya, bayan da wata ƙwallo marar ƙarfi ta silale ta tsakanin ƙafafunsa ta kwanta a raga. Mai horar da su ya zare usur daga bakinsa, ya ɗaga murya yadda har masu sayar da rake a jikin katanga sai da suka waiwayo, ya ce, “Wannan ai ba gola ba ne, rariya ce!” Aka bushe da dariya. Kafin mako ya zagayo sunan ya riga shi isa aji, ya riga shi isa majalisar ƙofar gida, har ƙannensa sukan faɗe shi a bayan idonsa. Shi dai bai ce uffan ba. Ya yi tsallen kwaɗon da aka yanke masa, daga wannan turke zuwa wancan, ya karkaɗe ƙura, ya tafi gida. Washegari shi ne ya fara zuwa fili. Kocin ya gan shi yana ɗaura raga shi kaɗai, ya gyaɗa kai, ya ɗauka maganinsa ya yi aiki.

Wannan mutum ba mugu ba ne, kuma duk wanda ya ɗauke shi mugu ya sauƙaƙa wa kansa al'amarin fiye da kima. Bakanike ne, kullum yakan rufe garejinsa kafin la'asar don ya zo fili, ba kuma wanda yake biyansa ko sisi. Daga aljihunsa ake sayen ƙwallo, daga aljihunsa ake biyan kuɗin mota idan za a je wasa wata unguwa, kuma ya sha kai yaron da ya karye wurin mai ɗori da kansa, ya zauna har a gama. Abin da ya yi imani da shi ɗaya ne: yaro ƙarfe ne, sai ya ji wuta yake lanƙwasuwa. Haka aka yi masa yana yaro, ga shi kuwa bai mutu ba. Ƙungiyarsa ta sha cin kofi a gasar unguwanni, iyaye kuma suna sa masa albarka domin ya raba 'ya'yansu da zaman banza. Idan aka ce masa yana tsanantawa, amsarsa ba ta wuce cewa horo yake yi.

Ta fuskar harshe kuwa, gaskiyarsa. Kalmar horo a Hausa tana ɗauke da ma'ana uku a lokaci guda. Akwai horo na umurni da gargaɗi, wanda malamai suke haɗa shi da hani, su ce horo da kyakkyawa da hani ga mummuna. Akwai horo na koyarwa da sabarwa, kamar yadda ake horar da doki ko shanun huɗa ko kurtun soja. Akwai kuma horo na hukunci, wanda alƙali yake yanke wa mai laifi, a ce ɗaurin shekara kaza da horo mai tsanani. Da aka buƙaci sunan wanda yake shirya 'yan wasa, sai aka ɗauko wannan tushe aka ce mai horarwa, a gefe guda kuma aka ari koci ko kociya. Kalma dai ba ta sa mutum ya aikata komai. Amma kalmar da ba ta rarrabe koyarwa da hukunci tana ba mai amfani da ita mafaka: zai iya kwashe shekaru yana hukunta yara, zuciyarsa tana gaya masa koyarwa yake yi, kuma babu mai kama shi da ƙarya.

Abin da kocin bai gani ba shi ne yadda wasan yaron ya sauya. Da can gola ne mai karambani, yakan fito ya tari bugun kusurwa tun ƙwallo tana sama, yakan faɗa ƙafafun mai kai hari ba tare da ya tsaya lissafi ba. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kuskure. Bayan sunan sai ya manne a layin raga. Ya gano cewa ƙwallon da aka ci shi yana tsaye a wurinsa laifin 'yan baya ce, wadda aka ci shi bayan ya fito kuwa tasa ce shi kaɗai. Kurakuransa na fili suka ragu, kocin ya ƙara samun hujja, amma iyawarsa ta tsaya cik, domin ya daina gwada duk abin da bai riga ya iya ba. Idonsa ɗaya a kan ƙwallo, ɗaya a bakin fili. Daren wasa sai ya kwanta yana ta kama ƙwallayen da ba a buga ba tukuna, har a kira assalatu. Da safe ya tashi da murɗawar ciki, ya kasa karin kumallo. Mahaifiyarsa ta ɗauka tsutsar ciki ce, ta jiƙa masa magani.

Hausa tana da kalmomin wannan hali, kuma a jiki ta ajiye su: gaba ya faɗi, jiki ya mutu, zuciya ta karaya, gwiwa ta yi sanyi. Ƙarfin da yake tura mutum ga aiki, wanda masana halayyar ɗan Adam suka cika littattafai a kansa, Bahaushe ya sa shi a gwiwa, gaɓar da ɗan wasa ya fi dogara da ita, wadda kuma ta fi saurin cin amanarsa. Mai horarwa yana iya ƙarfafa gwiwa, yana iya kashe ta, duka biyun kuma da baki ake yi.

A shekarar 1985 Edward Deci da Richard Ryan, na Jami'ar Rochester da ke Amurka, suka fitar da littafin da ya kafa wani ra'i da za a iya kira da Hausa ra'in sa kai. Jigonsa shi ne, yawan ƙwarin gwiwa bai isa abin dubawa ba, sai an duba inda ya fito. Akwai wanda yake gudu domin gudun yana yi masa daɗi, ko domin ya yarda da amfaninsa. Akwai wanda yake gudu domin tsoron bulala, ko kwaɗayin lada, ko gudun jin kunya. A fili ɗaya suke, gumi ɗaya suke yi, mai kallo ba zai bambance su ba, sai ranar da aka ɗauke bulalar. Daga baya masanan biyu suka tsayar da cewa abubuwa uku ne suke ciyar da nau'in farko: mutum ya ji da yardarsa yake yin abin da yake yi, ya ji yana ƙara iyawa, ya kuma ji yana da mutanen da suka ɗauke shi nasu. Kashin farko na wannan magana Bahaushe ya riga ya naɗe shi cikin karin maganar nan, sa kai ya fi bauta ciwo. Bawa yana aiki ne gwargwadon idon ubangidansa, wanda ya sa kansa kuwa ba shi da wurin ɓuya.

Kimberley Bartholomew da abokan aikinta a Jami'ar Birmingham sun bi sawun wannan ra'i zuwa filin wasa, a 2010 suka fitar da ma'aunin halayen danniya na mai horarwa. Huɗu suka tsayar: mayar da kyauta linzami, tsoratarwa, kutsawa cikin rayuwar ɗan wasa a wajen fili, da janye masa kulawa idan bai yi abin da ake so ba. Bakaniken yana da rabonsa a kowanne. Amma da za a tambayi yaron wanne ya fi ci masa rai, tsawa da tsallen kwaɗo ba za su zo bakinsa ba. Na ƙarshen zai ambata. Ranar da ya yi wasa mai kyau, kocin yakan dafa kafaɗarsa ya ce “ɗana”, ya ɗauke shi a babur har ƙofar gida. Ranar da aka ci shi kuwa, sai ya rusuna ya ce, “Koci, ina wuni?” mutumin ya kau da kai kamar iska ce ta wuce. Wani lokaci kwana uku, wani lokaci mako guda. A al'ummar da gaisuwa take zama shaidar cewa an san da zaman mutum a duniya, babba ya ƙi amsa gaisuwar yaro ba ƙaramin hukunci ba ne. Gaba ce, ta gefe ɗaya, wadda ƙarami ba shi da bakin tambayar dalilinta. Darasin da yaron ya ɗauka daga nan bai shafi tsaron raga ba. Ya koyi cewa mutuncinsa aro ne, kowace Asabar ake sabunta masa shi ko a karɓe.

Shekara biyu ya yi a haka, sannan ya daina zuwa. Yadda ya daina ɗin abin nazari ne. Bai yi musu ba, bai ajiye safar hannu ya ce ya gaji ba. Yaron da ya sami tarbiyya ba ya yi wa babba haka. Da farko ya ce jarrabawa ta matso. Bayan jarrabawa ya ce an sa shi tsaron shagon yayansa a Kantin Kwari. Daga nan sai ya riƙa canza hanya idan zai je masallaci, don kada ya bi ta bakin filin. Babu ranar da za a nuna a ce ita ce ranar da ya bari. Kocin ya ce wa sauran yaran dama ya san ba shi da zuciya, ya sa wani a raga.

A nan ne ake cakuɗa abu biyu da Hausa ta raba su da kyau, wato haƙuri da naci. A laccarsa a kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa haƙuri da kunya da ladabi cikin halayen da Bahaushe yake auna mutum da su, ya kuma lissafa mutunci tare da su. Ukun farko su ne suka rufe bakin yaron shekara biyu, yayin da ake taɓa masa na huɗun. Haƙuri shi ne mutum ya ɗauki abin da aka ɗora masa ba tare da ƙorafi ba, hankalinsa yana kan wanda ya ɗora kayan. Naci kuwa shi ne ya koma ga abin da ransa yake so bayan abin ya kayar da shi sau goma, hankalinsa yana kan abin da yake nema. Daga waje kamarsu ɗaya: yaro ya zo da wuri, ya yi shiru, ya yi abin da aka ce. Sai dai irin wannan haƙuri rumbu ne, ana ɗiba ba a zubawa, kuma ranar da ya ƙare ba ya yin shela. Mai horarwar da yake aiki da yaran da aka koya wa kawaici yana cikin haɗari, domin ba za su taɓa gaya masa ya wuce gona da iri ba. Yana karanta shirunsu a matsayin juriya, alhali kuwa wasunsu ƙidayar kwanaki suke yi.

Ba a Kano kaɗai abin yake ba, ba kuma yau aka fara lura da shi ba. Tun shekarun 1970 Ronald Smith da Frank Smoll na Jami'ar Washington suka riƙa sa ido a filayen wasan besbol na yara, ana rubuta duk abin da mai horarwa ya yi: yabo, gyara, tsawa, ko kau da kai. Bayan kakar wasa aka bi yaran gida aka tambaye su. Abin da masu horarwa suka ce suna yi bai cika dacewa da abin da aka ga suna yi ba. Bayanin yaran ya fi nasu kusa da gaskiya. Kuma yaran da dama can ba su ɗauki kansu a bakin komai ba, su ne halin mai horarwa ya fi tasiri a kansu, ta alheri ko ta sharri. Masanan suka shirya wani gajeren kwas na 'yan sa'o'i, suna koya wa masu horarwa yaba ƙoƙari, da yin gyara cikin ƙarfafa gwiwa, da barin hukunci a kan kuskure. A binciken da suka buga a 1992 tare da Nancy Barnett, kashi 5 cikin 100 ne na yaran masu horarwar da suka yi kwas ɗin ba su dawo wasa ba a kakar da ta biyo baya. A wurin waɗanda ba su yi ba kuwa kashi 26 ne.

Mai kare tsohon salo yana da hujjar da bai kamata a raina ba: ai masu tsanani suna cin kofi. Suna ci kuwa. Tsoro yana sa ƙafa sauri na wani lokaci, kuma ƙungiyar da yara suke layi a ƙofarta tana iya zubar da wasu duk shekara ba ta ji a jikinta ba. Matsalar tana ga waɗanda ake tambaya. Wanda ya jure ya kai gaci shi 'yan jarida suke nema, shi kuwa ya ce ba don zafin kocinsa ba da bai zama komai ba. Wanda ya bari yana kasuwa yana auna yadi, ba mai zuwa ya tambaye shi. Hatta waɗanda suka kai gacin ma ba kullum maganarsu ta farko take zama ta ƙarshe ba. Birtaniya ta kwashi lambobin yabo a wasan jimnastik, wato na tsalle-tsalle da alkafura, a gasar Olamfik ta 2012 da ta 2016. A 2022 sai rahoton lauya Anne Whyte ya fito, bayan ta karɓi bayanai sama da 400 a kan shekarun 2008 zuwa 2020: tsawa, muzantawa, auna nauyin yara akai-akai da takura musu a abinci, tilasta musu atisaye a kan rauni. Yaran can ma shiru suka yi shekara da shekaru, ba tare da an koya musu kunyar Bahaushe ba. Duk inda babba yake riƙe da mabuɗin burin yaro shiru yana da sauƙin samuwa, al'ada kauri kawai take ƙara masa.

Yana da kyau a waiwayi dambe, domin a can Bahaushe ya daɗe da tsara wannan al'amari ta hanyarsa, tun kafin usur da jesi. Ɗan dambe yakan tashi ne a hannun ubangida, har ya ɗauki sunansa: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Garkuwan wane. Wannan suna kishiyar “Rariya” ne. Ɗaya yana liƙa wa yaro kuskurensa a goshi, ɗayan yana jingina shi da wani babba, ta yadda idan aka yi masa kisa a fage, faɗuwar ta gidan ce gaba ɗaya. Ga kuma ɓangarensa, Kudu ko Arewa ko Guramaɗa ko Jamus, tsaye a bayansa. Aikin tayar da tsikar jiki ma ba a bar wa ubangida shi kaɗai ba, akwai makaɗi. Wanda ya saurari yadda Ɗan'anace yake wasa Shago ya san abin da zuga take iya yi wa jinin namiji. Sai dai zuga ba ta rasa nata dafin. A kan idon jama'a take ɗaga mutum, ranar da idon ya koma kan wani sai ta sake shi. Makaɗin da ya iya kirari kuma ya iya zambo, da baki ɗaya yake yin su. Ɗan damben da zuga kaɗai take riƙe da shi zai iya shiga turmin da ya fi ƙarfinsa don gudun a ce ya ji tsoro, sai fa in yana da ubangidan da zai riƙe masa hannu ya ce ba yau ba. Manazarta adabin baka sun yi aiki mai yawa a kan kirari da zuga da zambo da habaici a bakin makaɗa. Dukkansu suna nan da ransu kowace yamma a bakin masu horarwa a filayen unguwanni, sai dai a can wanda ake jifa da su yaro ne, mai jifar kuma shi ne mai yanke wanda zai buga ranar Asabar.

Yana ɗan shekara 19 ya koma raga, ba da niyya ba. Wani abokinsa ne ya roƙe shi ya cike musu gurbi a ƙungiyar wata unguwa, golansu ya yi tafiya. Mai horar da su dattijo ne, tsohon malamin motsa jiki da ya yi ritaya, yara suna ce masa Baba. A wasan farko aka ci shi ƙwallon da bai kamata a ci shi ba: bugun kusurwa, ya yi kamar zai fito, ya fasa, aka sa kai. Da aka tashi ya nufi dattijon kansa a sunkuye, jikinsa ya riga ya shirya wa abin da ya saba. Baba yana naɗe raga, bai ko ɗago ba, ya ce, “Zo ka kama mini nan.” Suka naɗe tare. Sannan ya ce, “Wannan kwanar da aka bugo, me ka gani?”

Ya yi shiru, domin a saninsa tambayar babba bayan kuskure share fagen faɗa ce.

“Da kai nake, ɗana. Ni ina gefe, kai ne a ciki. Me ka gani?”

“Baba, na ga kamar zan kai, sai kuma na ga kamar ba zan kai ba.”

“To, da za ka kai. Gobe ka zo da wuri mu gwada guda 20. Ka fito a dukkansu, ko da za a ci ka duka.”

An ci shi da yawa daga ciki. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, kashegari da ya gai da Baba an amsa masa, da irin muryar jiya da shekaranjiya.

Kada a ɗauka dattijon sassauci gare shi. Wanda ya makara ba ya buga wasan mako, ko da shi ne tauraron ƙungiya, kuma ba a roƙonsa. Atisayensa ya fi na bakaniken wahala. Amma yakan faɗi dalilin kowane abu kafin a fara, yakan bar gola ya tsara katangarsa da kansa a bugun tazara, gyaransa kuma a kan ƙafa da hannu da tsayuwa yake sauka. Zai ce “ƙafarka ta hagu ta makara”, ba a taɓa jin ya ce “ba ka da amfani” ba. Geneviève Mageau da Robert Vallerand, a wata maƙala ta 2003, sun jera kusan waɗannan halaye a matsayin alamomin mai horarwar da yake raya sa kai: ba da zaɓi a cikin iyaka, bayyana dalili, sauraron abin da ɗan wasa yake ji, ba shi damar yanke shawara. Baba bai taɓa jin sunansu ba. Abin lura ga mai nazarin al'ada shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya rage wa dattijon girma. Yaran suna rusuna masa, ba sa haɗa ido da shi, ba sa kama sunansa. Masu tsoron cewa irin wannan ra'i zai koya wa yara fitsara sun ɗauki yarda a matsayin izinin gardama. Yaro yana iya bin umurnin babba ɗari bisa ɗari da zuciyarsa a ciki, idan ya san dalilin umurnin, ya kuma tabbata ba za a janye masa “ɗana” ba ranar da ya kasa.

A manyan fagage ma akan ga abin da amincewar mai horarwa take haifarwa. Stephen Keshi ya tafi gasar cin kofin Afirka ta 2013 bayan ya ajiye wasu sanannun 'yan wasa, ya ɗauki shida daga masu bugawa a gida, aka yi masa ca. Ɗaya daga cikin shidan, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa, shi kuma ya ci ɗaya tilo da aka doke Burkina Faso da ita a wasan ƙarshe. A Kenya, Colm O'Connell, wani malamin mishan ɗan ƙasar Ayaland, ya isa garin Iten a 1976 don koyar da labarin ƙasa, ba tare da ya taɓa horar da ɗan tsere ba. Dole ya koyi aikin ta hanyar kallon yaransa da saurarensu. Shi ya shawarci David Rudisha, mai gudun mita 400, ya gwada mita 800, tseren da Rudisha ya kafa tarihin duniya a cikinsa a Landan a 2012, da minti 1 da daƙiƙa 40.91. Kowane salo yana da gwanayen da zai nuna, don haka waɗannan misalai ba su yanke hukunci ba. Sun dai rushe da'awar cewa sai ta hanyar wulaƙanci ake kai wa ƙololuwa.

Shi yaron bai zama kowa ba a ƙwallo. Ya yi shekara shida a hannun Baba, ya je gwaji sau biyu ba a ɗauke shi ba, ya dawo ya ci gaba da zuwa atisaye kamar ba abin da ya faru, abin da ya ba abokansa mamaki ke nan. Murɗawar cikin ranar wasa ba ta tafi gaba ɗaya ba, amma ta koma irin wadda take wucewa da busa usur na farko. Yanzu yana da teburinsa a kasuwa, da mata da 'ya'ya biyu. Da Baba ya rasu yaran unguwar suka rasa mai riƙe musu usur, sai ya karɓa.

Bakaniken yana nan da ransa, ya manyanta. Sun haɗu a wurin wata jana'iza, ya gane shi, ya rungume shi, ya juya ga mutane yana cewa, “Wannan yarona ne, ni na horar da shi.” Shi kuwa ya durƙusa ya ce, “Haka ne, Koci. Allah ya saka da alheri.” Bai yi ƙarya ba, a hannun mutumin ya fara koyon yadda ake faɗa wa ƙwallo ba a gurɗe ba. Sauran maganar kuma ba ta wurin jana'iza ba ce.

A daminar da ta wuce ƙungiyarsa ta kai wasan kusa da na ƙarshe a wata gasar yara. Saura kaɗan a tashi, ana kunnen doki, ɗan bayansa na dama ya so ya mayar wa gola, ƙwallo ta maƙale a laka, ɗan gaban abokan karawa ya ɗauka ya ci. Bai san lokacin da ya tsallake layi ba. Ya ji murya tana fita daga bakinsa, mai ƙarfi, ta isa har wurin masu rake, kuma muryar bakaniken ce, har da inda ake jan numfashi kafin a saki suna. Sunan ma ya riga ya zo kan harshensa, mai ban dariya, irin wanda yake kamawa. Yaron yana tsaye a cikin laka, hannuwansa a baya, kansa a sunkuye. 'Yan kallo suka yi tsit suna jira.

Ya haɗiye sunan, amma tsawar ta riga ta fita. Da aka tashi ya kira yaron ya kama masa raga, suka naɗe tare, ya tambaye shi me ya gani. Yaron ya ce, “Ba komai, Koci. Ka yi haƙuri.” Ya sake tambaya, ya sake samun wannan amsa. Washegari yaron ne ya fara zuwa fili. Ya hango shi daga nesa yana ɗaura raga shi kaɗai, ya tsayar da babur a jikin katanga, ya daɗe bai kashe injin ba.